Aron Iri ga Kwalba ta Bakwai

Tun da aka kawo ku ɗakin binciken nan na Tudun Wada, ku samari da 'yan matan da kuka gama jami'a, nake jin kuna tambayar juna idan kun buɗe babban littafin aiki, wai me ya sa layin ƙarshe, can gefen dama, aka rubuta masa "Abin da Baba Sale ya yi ba a sa shi ba". Na kuma ji ɗaya daga cikinku, mai farin tabarau, yana cewa aikin nan ko ɗan akuya aka koya wa zai iya: a wanke kwalba, a ɗiga ruwa, a rufe. To, ni ne ɗan akuyan da aka koya wa, shekara goma sha shida ke nan. A aji huɗu na firamare na tsaya, don haka inda kuka ga rubutuna ya karkace ku miƙe shi a zuci.

A Riruwai aka haife ni. Mahaifina wankin kuza ya yi har ya bar duniya, ni ma na taɓa, sai na ga bayana ba irin nasa ba ne. Na samu wani tsohon babur na koma ɗauko matan Fulani da ƙorensu daga ruga zuwa kasuwar Doguwa. Shekara takwas ina wannan, kuma a cikinsu ba wadda na fi ɗauka kamar Inna Jumma, wata tsohuwa mai baki, wadda ba ta taɓa kiran sunana ba sai dai Kaɗo. A wurinta na ga yadda ake kindirmo. Ba a yin sabo sai da ɗan tsohon jiya, shi ake kira iri. Ranar da nono ya ƙi kamawa kuwa, ba wani tashin hankali, sai a aika gidan maƙwabciya a aro iri. Ba a hanawa, ba a kuma yin gori. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikina na farko da Dakta Rabi, shugabar wurin nan, shiga rami ne. Ta zo Riruwai tana neman ruwan tsofaffin ramukan haƙar kuza, motarsu ta kasa shiga, aka ce ga mai babur da ya san daji. Na kai ta wani rami mai koren ruwa wanda ko shanu ba sa sha. Na ɗaura igiya a ƙugu na sauka da kwalba. Na zaci kuza take nema, har ina ba ta shawara cewa an riga ta. Ta ce a'a, wasu halittu ne a cikin ruwan. Na ɗaga kwalbar na duba ta gaba, na duba ta baya, ban ga ko ɗan tsutsa ba. Na ce a raina boko ya taɓa baiwar Allah nan. Bayan mako biyu ta sa ni na leƙa madubin nan mai ƙara girman abu, na ga su suna ta kai da komo kamar ranar kasuwa. Na janye idona na yi salati. Daga nan na ce ko shara ce a ba ni, ni dai ina nan.

Ga yadda ta bayyana mini aikin, da Hausar da ta san zan ɗauka. Ba kowace ƙwayar halitta ce cuta ba. Waɗannan na ramin sun saba zama cikin dafin ƙarfe. Ɗaya takan rabe biyu, biyun su zama huɗu, sau da yawa a yini, don haka a shekara guda za ka ga kaka da jika da tattaɓa kunnen tattaɓa kunne, abin da in mutane ne sai ka koma tun kafin a gina ganuwar Kano. Kuma 'ya'yan ba sa fitowa sak iyayensu kullum. Jefi-jefi ana samun wadda ta ɗan bambanta, in bambancin ya taimake ta jure dafin, sai zuriyarta ta cika kwalba. Sai Dakta ta ɗauki kaka guda ɗaya, ta raba zuriyarta a kwalabe goma sha biyu, ana ƙara musu dafin kaɗan-kaɗan. Abin da take son sani shi ne: gidaje goma sha biyu, asali ɗaya, wahala ɗaya, kuma ba mai leƙa gidan wani, shin hanya ɗaya za su gano ta tsira, ko kowa da tasa? Kun ji inda maganar take, ba mai leƙa gidan wani. Ni a lokacin kunnena ya ji, amma kaina bai karɓa ba.

Malam Iliya ne ya koya mini aiki, wani tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji da ya yi ritaya aka sake ɗauko shi. Wata uku bai bar ni na taɓa komai ba sai soso da sabulu. In na wanke kwalba sai ya ɗaga ta a hasken taga ya zuba ruwa, in ya ga ɗigo ɗaya ya maƙale a jiki sai ya miƙo mini in sake. Daga nan ya kai ni ga tukunyar matsi, wadda ake dafa romon da halittun ke ci da kwalaben da bututun ɗiga, a kashe duk wani baƙo. Ya koya mini sauraren kukanta, da jiran ta huce kafin a buɗe. Na ƙi jira sau ɗaya, tabon yana nan a damtsena, duk mai so ya zo ya gani kyauta.

Ranar da ya fara barina na buɗe kwalba a gefen wutar da ake kunnawa don korar ƙwayoyin iska, ina aiki ina ba shi labarin wani rikici da aka yi a tasha, ga goro a bakina. Bai hana ni ba. Bayan kwana biyu ya kawo mini farantin romon da na yi aiki a kansa ranar, ya tsiro da wani abu baƙi da kore da ruwan ɗorawa, har da gashi. Ya ce, "Sale, ga gonar bakinka ta yi kyau bana." Tun daga ranar nake ajiye goro da surutu a bakin ƙofa tare da takalmina. Dokarsa babba kuwa ita ce bututu ɗaya, kwalba ɗaya. Wanda ya shiga ta uku ba ya shiga ta huɗu, ko da sabo ne jiya.

Aikin safe shi ne ƙashin bayan komai. Ka fito da kwalabe goma sha biyu daga akwatin ɗumi, kowace ta yi hazo kamar ruwan wankin shinkafa, alamar sun ci sun ƙoshi sun hayayyafa. Ka jera sababbi goma sha biyu masu romo garau. Ka ɗebi ɗan ɗigo daga ta ɗaya ta jiya ka sa a ta ɗaya ta yau, haka har ƙarshe. Ka rubuta lokaci, da zafin akwati, da yadda kowace ta yi. Minti arba'in ne in hannu ya saba. Amma kullum ne. Ba su san Juma'a ba, ba su san Sallah ba. Sau nawa ina zuwa da sabuwar riga kafin a tafi idi, in ɗora farar rigar aiki a kai. Ranar sunan ɗana na biyar sai da na ciyar da su kafin na je aka yanka rago. Waɗannan su ne abokan cinikina, ba ido, ba baki, kuma har yau ba wadda ta ce mini sannu.

Duk bayan kwana arba'in akan ɗebi kaɗan daga kowace kwalba a zuba a 'yan ƙananan robobi, in saka a cikin kula mai ƙanƙara in kai Kano, inda akwai babbar firiza da ke sa su barci ba su mutu ba. Na sha tambaya a mota. Wata mata da ta hau a wajen Bebeji ta nace sai na sayar mata da zoɓon da ke ciki. Daga cikin robobin akan aika wasu can nesa, a karanto rubutun da Allah ya yi a cikin jikin halittun, a turo wa Malam Nura. Shi ne mai kwamfuta. Magidanci ne mai 'ya'ya uku, amma in ya zauna gaban na'urar nan sai ka kira shi sau uku. Shi yake jera rubutun yau da na kakarsu ya ga inda aka samu canji, ya kuma sa kwamfuta ta yi lissafin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba.

Shekara ta biyar ita ce muguwar shekara. Damina ta yi ƙarfi har ruwa ya cinye kwalbatin da ke kan hanyarmu. Dakta ta tafi wani taro ƙasar waje, zazzaɓi mai naci ya kwantar da Malam Iliya, Malam Nura yana Kano ba hanya. Gas ya ƙare, na koma dafa tukunyar matsi a kan kurfoti ina fifita gawayi. Rana ba ta fitowa balle sola ta cika batir, sai in lulluɓe akwatin ɗumi da bargon gidana. Kwana ashirin da uku ni kaɗai, kuma ban tsallake ko kwana ɗaya ba. Wannan ku rubuta mini shi a gefen alheri, don abin da ke tafe ba ya can.

A cikin kwanakin nan kwalba ta bakwai ta fara ramewa. Dama an ƙara musu dafi kafin Dakta ta tafi. Sauran suka jure, ita kuwa kullum hazonta sai raguwa yake. Wata safiya, ranar kasuwar Doguwa, na fito da ita na ga romo garau kamar ban sa komai ba. Na kira wayar Dakta ba ta shiga. Na tsaya ina kallon kwalbar. Shekara biyar ana ciyar da gidan nan, a ce a hannuna zai mutu? Ga ta uku kuwa a gefenta, ta yi kauri kamar kunu, don ita ce gwarzuwar cikinsu. Sai Inna Jumma ta faɗo mini a rai. Na ce ashe abin ma mai sauƙi ne, masu digiri ne ke wahalar da kansu. Nono ya ƙi kamawa, ga maƙwabciya da iri mai kyau.

Ku lura, ban karya dokar Malam Iliya ba. Na wanke hannu, na kunna wuta, na ɗauko sabon bututu dafaffe, na rufe bakina. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar na ranar ba. Ɗigo ɗaya daga ta uku zuwa ta bakwai. Washegari ta bakwai ta yi hazo har da ƙari. Na buɗe littafi zan rubuta, na ga akwai layin lokaci, akwai na zafi, akwai na kamanni, babu layin taimako. Sai na rubuta "ta warke" na rufe. Da suka dawo aka yi ta yaba mini, ni kuma na ga ba kyau mutum ya yi alheri ya riƙa tallarsa.

Wata goma bayan nan sakamako ya dawo daga can nesa. Ina wanke-wanke na ji Dakta tana hamdala a ɗakin Malam Nura. Wai ta uku da ta bakwai sun gano hanya ɗaya sak ta jure dafin, gidaje biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Abin da ta yi shekaru tana fatan gani ke nan. Ta fara rubuta takardar da za ta aika wa masana na duniya da sunanta a kai, ta ce ƙarshen wata za ta tura. Har tsire ta sayo mana. Na ci tsinke huɗu.

Malam Nura ne bai ci da daɗi ba. Kwana da kwanaki suna ja-in-ja, shi yana cewa kamar ta yi yawa, ita tana cewa lissafin kwamfutarsa ne ke da gyara, don ta bi littafin aiki shafi-shafi ba ta ga inda aka yi kuskure ba, kuma ta yarda da hannun Iliya da na Sale fiye da na'ura. Ni ban gane kan gardamar ba. Wata rana da azahar muna alwala a bakin famfo na tambaye shi. Ya ce, "Baba, in ɗalibai biyu suka ci amsa ɗaya a jarrabawa, ba mamaki, wataƙila duka sun yi karatu. Amma in ka ga sun yi kuskure iri ɗaya, a layi ɗaya, har inda alƙalami ya zame, me za ka ce?" Na ce ai wani ya leƙa takardar wani. Ya ce to haka ta bakwai take, ba dabarar ta uku kaɗai ta ɗauko ba, har da tabonta mara amfani. Ya ce ita ta bakwai ta asali ma ya neme ta a rubutun ya rasa, kamar an share ta.

Na wanke ƙafar hagu sau biyu ban wanke ta dama ba.

Kwana uku ina juya maganar a raina. Na lissafa abin ta kowace fuska. In na yi shiru, ba wanda ya gan ni, littafi ma shaidata yake bayarwa. Dakta za ta aika takardarta, in wani masani can ya gano abin da Malam Nura ya gano, sunanta ne zai ɓaci, ba nawa ba, don ba wanda ya san da wani Sale a duniya. In na faɗa kuwa, babur ɗina na riga na sayar.

Ranar kasuwa na je Doguwa sayen gawayi na tarar da Inna Jumma a inda take zama, ta ƙara tsufa amma bakin yana nan. Na tsuguna na gaishe ta, ta zuba mini nono a ludayi. Na tambaye ta, kamar da wasa, in mace ta aro iri daga maƙwabciya, nonon da ya kama na wace ce? Ta dube ni ta ce, "Kaɗo, shekara takwas kana ɗaukar ƙwaryata ba ka koyi komai ba? Madarar tawa ce, ƙwaryar tawa ce, amma ɗanɗanon na gidan da aka aro ne. Nawa ya tafi ke nan. Shi ya sa ni sai na kwana biyu ina lallashin nawa kafin in aika aro." Na ce ai ba ta taɓa faɗa mini wannan ba. Ta ce ai ban taɓa tambaya ba, ni dai a ba ni in sha.

Washegari bayan na gama ciyar da kwalabe na cire farar rigar na ninke, don in an kore ni kada a sha wahalar karɓa. Na yi sallama ofishin Dakta, Malam Iliya da Malam Nura suna ciki. Na durƙusa na ce, "Ranki ya daɗe, ta bakwai ba ta leƙa takardar kowa ba. Ni na kai mata." Na faɗi komai, har da Inna Jumma da ƙwaryarta. Malam Iliya ya tambaye ni ko da bututun ta uku na yi. Na ce a'a, sabo na ɗauko. Ya ce to madalla, aƙalla na kashe ta cikin tsabta.

Dakta ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta haɗa takardun da ke gabanta, ta buɗe durowa ta saka ta rufe. Tambaya ɗaya ta yi: "Baba Sale, wace rana ce?" Na ce ranar kasuwar Doguwa ta biyu bayan ruwa ya cinye kwalbati, inda na rubuta "ta warke" washegarinta. Ta buɗe littafi ta samu wurin. Ta ƙirga baya zuwa robar ƙarshe da na kai Kano kafin hanya ta yanke. Ta ce, "Sa rigarka. Gobe za ka Kano ka ɗauko mana ta bakwai ta gaskiya."

Haka aka yi. Aka tashe ta daga barci, aka mayar da ita inda ta tsaya, tana bayan 'yan'uwanta da kusan shekara guda, kuma har yau ba ta kamo su ba. Waccan da na yi wa aro aka dafa ta a tukunyar matsi, ni na dafa da hannuna. Da aka kai ta bakwai ga adadin dafin da ya kayar da ita a da, sai ta sake ramewa, romo ya koma garau. Dakta ta ce a bar ta a akwati kada a taɓa. Kullum in fito da ita in duba in mayar, ga ta uku a gefe tana ta ƙiba, hannuna har ƙaiƙayi yake. Kwana shida ba labari. A na bakwai na ga ɗan hazo siriri a ƙasa. Da aka karanto rubutunta daga baya, Malam Nura ya ce hanyar da ta bi daban ce, ba ta yi kama da ta kowa a cikin sha ɗayan ba. Ba abin da Dakta ta so gani ba ne. Takardar farko tana nan a durowa, wadda ta rubuta daga baya ta fi gajarta, ba kuma wanda ya sayo tsire.

A makon ne ta ɗauki rula da jan biro ta ja sabon layi a gefen dama na littafin, ta rubuta masa kan da kuke gani. Na roƙe ta ta cire sunana ta sa "ma'aikaci". Ta ce a'a, haka zai fi zama a kan mutane. Duk littafin da ya cika aka buɗe sabo, Malam Iliya kafin rasuwarsa shi yake jan layin, yanzu ni nake ja da kaina.

Don haka kai mai farin tabarau, wankin kwalba za ka iya a wata uku, ɗiga ruwa a mako guda. Abin da ya ɗauke ni shekara shida shi ne in ga kwalba tana ramewa, ga magani a gefenta, in mayar da hannuna aljihu. In kuma hannun ya riga ka, ga layin nan. Sunana ne a samansa, ba naka ba, kunyar an riga an ji maka ita. Jiya da safe na ga ka goge bakin ta tara da auduga bayan ka ɗiga, ba wanda ya sa ka. Na duba littafi ban ga ka rubuta ba. Biro yana cikin aljihun farar rigata da ke rataye a bayan ƙofa.